Yadda Ake Raba Diddige da Kaushi da Faso a Gida

Daga watan Nuwamba, da iskar hunturu ta fara lulluɓe Maradi da ƙura, diddigen mutane da yawa sai ya soma yin fari, ya yi kaushi, kafin Janairu ya dare. Wani nasa bai wuce 'yan layuka sirara da ƙasa ke maƙalewa ciki ba, sai dai su riƙa kama zaren bargo da dare. Wani kuwa fason ya kai ga tsoka, in ya tashi da asuba zai tafi masallaci sai ya ɗage diddige ya taka da yatsu, wani lokaci har da ɗigon jini a kan silifa.

Yawancinmu ƙarfinmu duka a kan guga yake ƙarewa. A samu dutse a dirje, in babu dutse a goga a simintin makewayi, in abin ya yi tsanani a ɗauko reza. Mai kuma sai da safe, a lakata a shafa a busasshiyar ƙafa, a fita cikin ƙura. An juya abin ne. Guga ita ce mafi ƙanƙantar aikin, kuma ita ce ta fi saurin ɓata shi. Abin da ke warkar da diddige shi ne fata ta sha ruwa, a rufe ruwan da mai tun bai gudu ba, a kuma rufe ƙafar, dare bayan dare.

Dalilin da diddige ke tsagewa

Fatar tafin ƙafa ta fi ta ko'ina kauri a jiki, kuma ba ta da 'yan kafofin nan masu fitar da maiƙo irin na fuska da baya. Gumi kaɗai take fitarwa, saboda haka in ba ka ba ta mai ba, babu inda za ta samo shi. A ƙarƙashin ƙashin diddige akwai dunƙulen kitse da ke ɗaukar nauyin mutum. Duk takun da ka yi, kitsen nan yana bajewa gefe, fatar da ta zagaye diddigen ta miƙe. In tana da laushi, ta miƙe ta koma. In ta bushe ta yi kanta, ba ta iya miƙewa, sai ta tsage. Dukawa sun san wannan sarai: ko fatar jar akuyar Maradi da ake yabo, in aka bar ta ta ƙeƙashe ba mai, kana lanƙwasa ta za ta fashe. Shi ya sa faso ke bin bakin diddige ta baya da gefe, ba tsakiyar tafin ƙafa ba.

Abubuwa biyu ke nan suke haɗuwa, bushewa da danni. Bushewa tana zuwa daga iskar hunturu, da ruwan zafi, da sabulun wanki, da tsufa. Danni kuma daga doguwar tsayuwa a kan siminti, kamar ta masu shaguna a Babbar Kasuwa, da ƙiba, da juna biyu, da takalmin da ba shi da baya. Mai kabu-kabu da ke yini a kan babur da silifa, iska na busar masa da ƙafa tun safe. Mai lambu a Jiratawa ƙafarsa na shiga laka ta fito rana ta gasa ta, ta sake komawa. Jiƙewa da bushewa a kai a kai sun fi bushewa zalla ɓarna, domin duk lokacin da ruwa ya bushe a kan fata yakan tafi da ɗan danshin da ya tarar.

Kafin ka taɓa komai, duba ƙafar

Zauna inda haske yake, ka wanke ƙafar, ka ɗora ta a kan gwiwa ka duba. In ba ka iya ganin ƙasan diddigen, sa madubi a ƙasa ko ka sa wani ya duba maka. Abin da za ka gani shi zai nuna maka ta inda za ka fara.

In fata ce kawai ta yi fari da kaushi, da tsaga marasa zurfi da ba sa ciwo, aikin gida ya wadatar. In tsagar ta buɗe har kana hango ja a ciki, tana zafi in ka taka, har yanzu ana iya yi a gida, amma sai an fara lallaɓar ciwon kafin a koma kan kanta. In kuwa wurin ya kumbura, ya yi zafi in an taɓa, yana fitar da mugunya ko wari, ko kaluluwa ta fito a matsematsi, ko zazzaɓi ya biyo baya, to ƙwayar cuta ta shiga. Wannan ba na basilin ba ne, na lokotoro ne, kuma a ranar.

Akwai mutanen da bai kamata su bi wannan jagora su kaɗai ba ko da fason ƙarami ne: mai ciwon sukari, da wanda ƙafarsa ba ta jin taɓi sosai, da wanda jini ba ya isa ƙafarsa yadda ya kamata, irin mai jin ƙafa ta yi sanyi kullum ko sharaɓa na ƙullewa in ya yi 'yar tafiya. Nasu bayanin yana ƙasa. Akwai ɗan gwaji mai sauƙi da za a yi wa dattijon gida. A ce masa, "Baba, rufe ido, duk sanda ka ji na taɓa ka ce mini ka ji." Sai a taɓa kan babban yatsa, da na tsakiya, da ƙaramin, a kowace ƙafa, da ɗan yatsan hannu, a hankali, na daƙiƙa 1 zuwa 2, ba dannawa ba sosawa. Wuri 6 ke nan. In ya kasa jin 2 ko fiye, jijiyoyin ƙafar sun yi rauni, a kai shi a auna masa sukari.

Kayan da ake buƙata

Ba su da yawa: baho da ƙafa biyu za su shiga, ruwa mai ɗumi, sabulun wanka marar ƙarfi, dutsen goge kaushi, tawul ko tsumma mai tsabta, mai, da safa ta auduga. Dutsen a zaɓi marar kaifi, mai ƙananan huji. Magogin ƙarfen nan mai haƙora da ake sayarwa a tebur yana cin fata da sauri fiye da yadda mutum zai ankara, ban ba da shawararsa ba.

Zancen mai ne ke son bayani, domin ba aiki ɗaya mayuka suke yi ba. Basilin ba ya ƙara wa fata ruwa ko kaɗan. Aikinsa ya toshe hanya kada ruwan da ke ciki ya fita, kuma a wannan babu wanda ya kai shi, yana tare fiye da kashi 90 cikin 100 na danshin da zai tsere. Shi ya sa in ka shafa shi a busasshiyar ƙafa sai ka ga ƙyalli kawai, kaushin na nan a ƙasa. Man kaɗanya yana tausasa fata, yana kuma rufewa daidai gwargwado, ya fi basilin daɗin sha'ani da rana tunda yana shigewa. A nemi tsantsarsa, wanda ba a cuɗa da turare ba. Gilisarin, wanda mata ke saye a 'yar kwalba lokacin sanyi, janyo ruwa yake yi ya riƙe a fata, amma shi kaɗai a iskar hunturu bai isa ba, sai an ɗan sirka shi da ruwa an kuma bi shi da basilin a sama. Man gyaɗa da man riɗi sun fi babu, sai dai ba su da kauri, safa ce ke shanye rabinsu.

Ga mai kanta mai kauri, abin da ya fi duka shi ne man farmasi mai sinadarin yuriya. A jikin kwalin za ka ga an rubuta urée da lamba kusa da shi. Yuriya na riƙe ruwa, tana kuma narkar da matacciyar fata a hankali ba tare da an kankare ta ba. Na kashi 10 cikin 100 ya isa kaushi na yau da kullum, na kashi 20 zuwa 25 shi ne na diddigen da ya yi kanta. In ka shiga farmasi kada ka ce "a ba ni maganin kaushi" kawai, domin ana iya miƙo maka man shafawa mai ƙamshi da ba zai yi komai ba. Ka ce, "Malam, man ƙafa nake so mai yuriya, kashi nawa ke cikin wannan?" Akwai kuma masu asid ɗin salisilik ko na laktik, su ma suna rage kanta, amma suna raɗaɗi a buɗaɗɗen faso, kuma mai ciwon sukari da mai juna biyu kada su sa mai salisilik sai ma'aikacin lafiya ya yarda. In aljihu bai kai ga man farmasi ba, basilin da man kaɗanya za su yi aikin, illa dai su ɗan fi ɗaukar lokaci.

Aikin dare

Lokacin da ya dace shi ne bayan sallar isha'i, an gama zirga-zirga, an shiga makewayi an fito, babu sauran taka ƙasa.

Da farko a wanke ƙafar da sabulu a fitar da ƙasar da ta shige cikin tsagar. Tsohon buroshin haƙori mai laushi yana taimakawa a nan. Kada a sa tsinke ko allura a ce za a sakace.

Sai a zuba ruwa mai ɗumi a baho. Ɗumi, ba zafi ba. A gwada da gwiwar hannu, in ta ji daɗinsa to ya yi. Na san da sanyin Disamba rai na son ruwan da ke tururi, amma ruwan zafi yana wanke ɗan maiƙon da fata ta samu, ƙafar ta fito ta fi da bushewa. A tsoma ƙafa minti 10 zuwa 15. Kada a wuce minti 20, in fatar yatsu ta fara yamushewa an daɗe. Ruwan zalla ya isa. Ba sai an zuba gishiri ko kanwa ko toka ko lemun tsami ba. Kanwa da toka suna ƙara busar da fata, lemun tsami kuma ba abin da zai ƙara sai raɗaɗi a cikin tsaga.

Yanzu guga. A fito da ƙafa ɗaya, a bar ɗayar cikin ruwa. A jiƙa dutsen, a riƙa goga shi a hankali a kan farar fatar da ta yi laushi, musamman leɓen tsagar, wato tudun nan biyu masu tauri da ke gefe da gefenta. Su ne ke hana faso haɗewa, domin duk takun da aka yi suna janye bakin ciwon. A bi tsawon tsagar, kada a gitta ta, gittawa na ƙara buɗe ta. Minti 2 ko 3 a kowace ƙafa ya isa. Da ka ga fatar ta fara sauya launi zuwa ja-ja, ko ka ji ɗan zafi, tsaya. Ba a son a gama da kanta a dare ɗaya. Jiki ne ya gina ta don ya kare wurin da ake dannewa, in ka kankare ta gaba ɗaya sai ya maido ta da gaggawa, wani lokaci ta fi ta da kauri, kai kuma ka kwana biyu kana taka sabuwar fata mai zogi. Guga sau 2 ko 3 a mako ta wadatar a farko. Sauran dararen a jiƙa kawai a wuce zuwa mai.

A ɗauraye, a tsane ƙafar da tawul ta hanyar dannawa, a bar diddigen da ɗan danshi. Tsakanin yatsu ne kaɗai za a share ya bushe ƙarau, domin danshi a nan shi ke kawo cin ruwa.

Nan ne gizo ke saƙar: mai ya hau ƙafa cikin minti 2 ko 3 da fitowarta daga ruwa. A iskar Maradi ta Janairu, in ka tsaya amsa waya ko neman murfin kwalba, ruwan da ka ɓata minti 15 kana shayar da fata ya tafi. Don haka a ajiye man da safar kusa da baho tun kafin a zauna. In akwai mai yuriya ko gilisarin, shi za a fara murzawa har ya shige, sannan a kawo basilin ko man kaɗanya a laɓta a kai da kauri, a cusa shi cikin tsagar da ɗan yatsa. Kada a sa mai tsakanin yatsu.

Sai safa. Ta auduga, mai tsabta, wadda ba ta matse ƙwauri. Ita ke hana man gogewa a tabarma ko zanen gado, ta riƙe shi a wurin har safe. Wanda kantarsa ta yi tauri ƙwarai yana iya naɗe diddigen da 'yar leda mai tsabta kafin ya sa safar, na dare 2 ko 3 kawai, fatar za ta yi laushi sosai. Amma ba a sa leda a kan faso mai jini ko mai ruwa, kuma mai ciwon sukari ba ya yin wannan. A kula da santsi in za a tashi cikin dare, ƙafa mai basilin a kan tayil ko siminti mai laushi tana kayar da mutum, balle tsoho.

Faso marar zurfi yakan nuna sauƙi cikin mako guda, ya rufe cikin biyu. Kanta mai kauri takan ci wata guda ko fiye, domin sai sabuwar fata ta taso daga ƙasa ta maye gurbin tsohuwar. Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne dare na huɗu ko na biyar, zafi ya tafi, sai a manta da baho.

Idan fason ya yi zurfi yana jini

A nan sai a jinkirta guga a daidai wurin. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a tsane, a shafa Bétadine, maganin nan na farmasi mai kashe ƙwayar cuta a ciwo, a bari ya bushe. A sa basilin kaɗan a cikin tsagar. Sannan a matso leɓunan biyu da yatsu su haɗu, a ɗaure da filasta a gicciye, yadda zai riƙe su kada su buɗe in an taka. Wannan ɗaurin shi ke kashe yawancin zafin, tunda zafin daga buɗewa da rufewar ciwon yake zuwa. A sauya filastan kullum, ko duk lokacin da ya jiƙe ko ya yi datti. Kada a sa man yuriya mai ƙarfi a cikin ciwon, a shafa shi a kewaye. Bayan kwana 3 zuwa 5, in ƙasan tsagar ya daina ja, sai a koma rage leɓunan da dutse sannu a hankali. Game da alwala, malamai sun yi bayanin shafa a kan ɗaurin ciwo, a tambayi limamin unguwa yadda ake yi maimakon a riƙa ɓalle filasta sau biyar a yini.

Mai shiga gona ko turken dabbobi da buɗaɗɗen faso ya tuna da tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki ta ƙulle haƙora. Ƙwayarta a ƙasa da kashin dabbobi take zama, kuma irin wannan tsaga mai zurfi take so. Mata da yawa sun samu allurarta wajen awon ciki, maza ne aka fi bari a baya. Tambaya a asibitin unguwa ba ta da wuya.

Dabarun da ke ƙara ciwo

Reza ce ta farko. Hannu ba ya sanin inda matacciyar fata ta ƙare, rayayya ta fara, garin neman gira a rasa ido. Ga haɗarin reza ko askar da wani ya yi amfani da ita, wadda ke iya ɗauko ciwon hanta. Baƙin man inji da wasu ke shafawa yana ɗauke da dattin ƙarfe da guba, kananzir kuma ƙona fata yake yi. Ɗiga narkakken kyandir ko narkakkiyar roba a cikin tsaga ƙuna ce a kan ciwo. Ɗinke faso da zare da allura, wanda har yanzu ana yi a ƙauye, tura datti ne cikin tsoka.

Super Glue fa? Gaskiya ne a asibiti akwai wani gam na musamman da ake haɗe fata da shi, kuma na kasuwa ma yakan ɗauke zafi na 'yan kwanaki. Matsalar ita ce fasonmu da wuya ya rabu da ƙasa a ciki, in ka liƙe bakinsa ka rufe ƙwayar cuta a ɗaki ke nan. Filasta ya fi aminci, tunda kana buɗewa ka ga abin da ke gudana.

Lalle kuma ado ne. Yana rufe fari, ƙafa ta yi kyau a ido, amma ba ya haɗe tsaga, kuma bayan an wanke shi fata takan ƙara bushewa in ba a bi da mai ba. Wanda ake haɗawa da gishirin lalle ko baƙin rini don ya yi duhu yana iya cin buɗaɗɗen ciwo. Amarya ko mai shirin biki ta fara aikin dare makonni 3 ko 4 kafin ranar ƙunshi, lallen ma zai fi kamawa sumul. Mayukan bilicin kuwa kada su kusanci faso, da yawansu na ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata ya hana ciwo warkewa.

Da rana

Abin da aka gina da dare, takalmi ne ke riƙe shi ko ya rushe shi. Silifa ba ta tare diddige ta gefe, tana barin kitsen nan ya baje yadda ya so, tana kuma ɗebo ƙura tana watsawa a kai da kowane taku. Mafi muni ita ce wadda ta yi wa mutum kaɗan, diddige na hawa bakinta, ko wadda ta cinye ta zama falle. A makonnin jinya a sa sau-ciki ko kambas da safa. In zafin rana ko aiki bai bari ba, a nemi takalmi mai maɗauri ta baya da ƙasa mai kauri da taushi. A tsakar gida ma kada a yi yawo ba takalmi. Mai tsayuwa a shago ya shimfiɗa kwali ko tsohuwar darduma inda yake tsayawa, ya kuma samu kujera ya riƙa zama in babu ciniki.

Da safe ba a laɓta basilin, ƙura zai kwasa ya zama laka. Man kaɗanya kaɗan, a murza har ya ɓace, ya isa.

Alwala sau biyar jiƙewa da bushewa ce sau biyar, kuma yawancinmu daga buta sai silifa sai iska. Ba wani abu ake nema ba illa a tsane ƙafa bayan an idar, a shafa ɗan mai kamar ƙwayar gyaɗa a kowane diddige. 'Yar ƙaramar kwalba a aljihu ko a jaka ta isa. A bar shafi mai kauri sai bayan isha'i, don kada ya hana ruwan alwala ta gaba taɓa fata.

Mata masu wanki da wanke-wanke a tsugune, ruwan Omo yana gangarowa ya kwanta ƙarƙashin ƙafa har a gama. Wannan ruwan an yi shi ne don ya cire maiƙo, kuma ba ya bambanta na tukunya da na fata. A zauna a kujera 'yar tsugune ta inda ruwan ba ya bi, ko a sa takalmin roba rufaffe, in an gama a ɗauraye ƙafa da ruwa mai kyau a shafa mai. Haka yara masu wasa a ƙasa, wanke ƙafa da shafa mai kafin barci ya ishe su, fatarsu ba ta buƙatar dutse.

Bayan an warke, guga sau ɗaya a mako da mai kowane dare sun isa su riƙe diddige. Wanda ya san duk shekara sai ya yi faso, ya fara tun watan Oktoba, kaka na ƙarewa, kafin iska ta juya. Dutsen kuma a wanke shi a shanya bayan kowane amfani, kowa da nasa.

In an yi mako 3 babu canji

To wataƙila ba bushewa ce kaɗai ba. Akwai ƙwayar cuta dangin makero da ke kama tafin ƙafa, ta sa shi fari yana ɓarewa kamar gari, sau da yawa da ƙaiƙayi, da cin ruwa tsakanin yatsu, ko farce ya yi kauri ya sauya launi. Wani lokaci ƙafa ɗaya take fi kamawa. Wannan ko tulun basilin aka ƙarar ba za ta tafi ba, sai maganinta, irin su man kulotirimazol ko mikonazol ko man Whitfield, ana shafawa sau 2 a yini har kusan mako 4, ba a dainawa don ƙaiƙayi ya lafa. Akwai kuma cututtukan fata masu sa tafin hannu da na ƙafa su yi kauri su tsage tare, da raunin aikin halittar nan ta wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo, wanda ke zuwa da kasala da jin sanyi da bushewar jiki duka. Waɗannan sai an gani da ido a asibiti.

Mai ciwon sukari da wanda ƙafarsa ba ta ji

Sukari in ya daɗe yana lalata jijiyoyin ƙafa. Gumi ya ragu, fata ta bushe, mutum kuma ya daina jin zafin da zai gargaɗe shi. Ƙaramin faso sai ya zama gyambo bai sani ba, kuma irin wannan gyambon ne kan kai ga yanke ƙafa. Don haka dokarsa daban ce. Ba ya jiƙa ƙafa a baho, wankewa kawai zai yi da ruwan da wani ya gwada masa ɗuminsa, ya tsane. Ba reza, ba magogin ƙarfe, ba maganin cin kanta, dutse ma sai in ma'aikacin lafiya ya nuna masa yadda zai yi. Mai kullum, ban da tsakanin yatsu. Ba ya jin ɗumin gawayi da ƙafa lokacin sanyi, ba ya taka rairayi mai zafi ba takalmi, kuma kafin ya sa takalmi ya zazzage shi ya laluba ciki da hannu. Kowane dare a duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Duk tsagar da ta buɗe, ko ba ta ciwo, a kai shi asibitin unguwa ko babban asibitin Maradi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Rashin jin taɓi a ƙafa ba sukari kaɗai ke kawo shi ba. In ya zo tare da wani tabo a jiki da ya fi sauran fata haske, wanda ba ya ƙaiƙayi kuma ba ya jin taɓi, a je a duba kuturta. Tana warkewa da magani, maganin kyauta ne, kuma asibitin Danja da ke kudu da Maradi ya daɗe yana wannan aiki. A can ana koya wa mutum yadda zai kula da ƙafar da ba ta ji, da irin takalmin da ya dace da ita.